Yadda Ake Gano Siffofin Aidin a Ɓurɓushin Iskar Teku

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da sinadarin aidin (iodine) kimanin maikirogiram 60, a gefen sodiyam da ya kusa giram 11. Da a ce duk aidin ɗin da ke yawo a iskar teku daga feshin igiyar ruwa yake fitowa, da wannan gwargwadon za a riƙa tararwa a sama kamar yadda yake a ruwa. Ba haka aka samu ba. Tun a shekarun 1960 Robert Duce da abokan aikinsa suka tace iskar Hawaii, suka ga aidin ɗin ya ninka abin da gishirin teku zai bayar sau ɗari, wani lokaci har sau dubu. Ke nan akwai wata hanya da yake bi ya hau sama ba tare da gishiri ba, daga baya ya zo ya maƙale a jikin ƙananan ɓurɓushin da iska ke ɗauke da su.

Yanzu an san hanyar. Ozon, wani nau'in oksijin da ke cikin iska, yana taɓa fuskar teku, ya haɗu da ayodaid, wata siffar aidin da ke narke a ruwan, sai iskar HOI da ta I₂, masu ɗauke da aidin, su tashi. Binciken da Lucy Carpenter ta Jami'ar York da tawagarta suka fitar a 2013 ya nuna cewa wannan ce babbar ƙofar da aidin ke fita daga teku. Ragowar yana fitowa ne daga ciyawar teku da ƙananan tsirran ruwa waɗanda ido ba ya gani, a siffar iskoki irin su CH₃I, wanda James Lovelock ya auna a kan Atlantika a farkon shekarun 1970. Da sun hau sama hasken rana yake farfasa su, ƙwayar aidin ta fita tsirara ta afka wa ozon ta karɓe masa oksijin ɗaya, ta sake shi, ta koma kan wani ozon ɗin. A tashar sa ido kan iska da ke tsibirin São Vicente na Cape Verde, binciken da aka buga a 2008 ya nuna cewa ozon yana lalacewa a can fiye da yadda lissafi ya yi hasashe da kusan kashi 50 cikin ɗari, kuma aidin da buromin ne suka cike giɓin.

Wannan zagaye ba ya tsayawa sai aidin ɗin ya shiga ɓurɓushi ya zauna. To zamansa ko komawarsa iska ya dogara ne ga siffar da ya ɗauka a ciki. Shi ya sa auna jimillar aidin kaɗai bai isa ba, kuma shi ne dalilin wannan jagora. Na rubuta ta ne don ɗalibin kimiyyar sinadarai ko na muhalli da ke son ya yi aikin da hannunsa, a bakin teku ko a kan jirgin bincike.

Da farko, ka san abin da kake nema

Aidin ɗin da filta ta kama ya kasu gida huɗu. Akwai ayodaid, I⁻. Shi ba ya da tabbas a ɓurɓushi mai tsami, domin yana haɗuwa da HOI ko HOCl ko HOBr ya zama iska ya sake ficewa. Akwai ayodet, IO₃⁻, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ne zangon ƙarshe, wato in aidin ya kai nan ya gama yawo sai dai ruwan sama ya sauko da shi. Akwai aidin da ya ɗauru da mahaɗan kabon amma yana narkewa a ruwa, wanda masu aikin ke taƙaitawa da SOI. Na huɗu shi ne wanda ruwa ba ya narkarwa sam, sai an bi shi da wata hanya mai ƙarfi.

Lissafin kwamfuta na farko-farko ya ce ayodet ne zai cika ɓurɓushi, ayodaid kuwa kusan babu. Da aka je aka auna sai aka riƙa tarar da ayodaid a wurare da dama, ga kuma SOI da ba a sa shi a lissafin ba. Alex Baker na Jami'ar East Anglia ya jawo hankali kan muhimmancin SOI a 2005. A 2022 Juan Carlos Gómez Martín da abokan aikinsa suka tattara sakamakon awo daga tekuna daban-daban, suka ga cewa a ɓurɓushi mai laushi, wanda bai kai maikiromita ɗaya ba, kusan rabin aidin mai narkewa SOI ne, ayodaid kuma kusan kashi 30 cikin ɗari. A manyan ɓurɓushi ayodet ne ke da kusan rabi, ayodaid kimanin kashi 20. Ka riƙe waɗannan adadi a ka, ba don sakamakonka ya yi kama da su dole ba, sai don in ya yi nisa da su ƙwarai ka tsaya ka tambayi kanka dalili.

Abin da na fi so ka fahimta kafin ka taɓa famfon zuƙo iska shi ne cewa waɗannan siffofi suna juyawa daga wata zuwa wata a hannunka. Irin filtar da ka zaɓa, zafin ɗakin ajiya, yadda ka jiƙa ta, duk suna iya mayar da ayodaid ya zama SOI ko su canza yawan ayodet. Rabin ƙwarewar wannan aiki kiyaye samfurin ne a yadda iska ta kawo shi.

Wurin ɗauka da na'urar zuƙo iska

Aidin ɗin da ke cikin ɓurɓushin teku kaɗan ne ainun. Ana ƙirga shi da pikomol a kubik mita, galibi daga 'yan ɗaiɗaiku zuwa 'yan gomomi, kuma pikomol ɗaya na aidin nanogiram 0.127 ne kacal. Don haka sai da famfo mai zuƙar iska da yawa, wanda ke jan kusan kubik mita ɗaya a minti, a bar shi yana aiki wajen awa 24. Filtar da aka saba da ita faɗinta kusan santimita 20 ne, tsawonta 25.

In da hali, ka ɗora wa famfon kai mai rarrabe girman ɓurɓushi. Faranti ne masu tsaga-tsaga a jere, iska na ratsa su da gudu, manyan ɓurɓushi su kasa juyawa su bugi filtar da ke ƙarƙashin tsagar, masu laushi su wuce zuwa filtar ƙarshe. Ko da mataki ɗaya ne, wanda ya raba a maikiromita ɗaya, ya wadatar. Ni dai ina ganin wanda ya haɗa manya da ƙanana a filta ɗaya ya yi asarar mafi daɗin labarin, domin masu laushin ne ke da tsami, manyan kuma gishiri da ƙura ne, kuma aidin yana yin hali daban a kowanne.

A jirgin ruwa, ana kafa na'urar a can gaba kuma a sama, yawanci rufin ɗakin matuƙi, nesa da bututun hayaƙi. Famfon ya yi aiki ne kawai lokacin da iska ke bugowa daga goshin jirgi. Da jirgi ya tsaya ko iska ta juya ta baya, a kashe. Wasu suna haɗa shi da na'urar duba alƙiblar iska ta riƙa kashewa da kanta, in babu sai mutum ya tsare. Haka ake yi a tafiye-tafiyen bincike na AMT, waɗanda tun 1995 suke ratsa Atlantika daga Birtaniya zuwa kudu. A gaɓa kuma, nemi wuri mai tudu ko hasumiya, kada feshin igiyar da ke fashewa a kan duwatsu ya jiƙa maka filta da gishiri zalla. In da janareto za ka yi aiki, ja waya mai tsawo ka ajiye shi ta inda iska ke tafiya, ba ta inda take fitowa ba. Ka kuma duba ko akwai masu ƙyafa kifi ko ƙona shara kusa.

Gaɓar da ke da ciyawar teku mai yawa ba ta wakiltar tsakiyar teku. A Mace Head da ke yammacin Ireland, idan ruwa ya janye da rana ya bar ciyawar a fili, tana fitar da aidin mai yawan da har sababbin ɓurɓushi ke haihuwa a iska nan take. Abu ne mai kyau a nazarta, amma wata tambaya ce daban.

Ka auna gudun iskar famfon a farko da ƙarshen kowace ɗauka, ka rubuta lokacin kunnawa da kashewa, domin idan filta ta fara toshewa da ƙura gudun yana raguwa. Duk kuskuren da ka yi a yawan iska zai bi kowane adadi naka har ƙarshe.

Filta: wacce, kuma yaya za a riƙe ta

An daɗe ana amfani da filtar takarda, musamman Whatman 41, don tana da tsabta wajen awon ƙarafa. Amma gwajin da Chan Yodle da Alex Baker suka buga a 2019 ya nuna cewa takarda, musamman in aka haɗa ta da jijjigar sauti wajen jiƙawa, tana canza siffofin aidin. Filtar zaren gilashi ce ta fi riƙe su yadda suke. Sai dai ita ma tana da nata cikas: gilashi na ɗauke da sodiyam da wasu sinadarai da kan ɓata awon gishiri da ƙura. Mafita ita ce famfo biyu gefe da gefe, ɗaya da zaren gilashi don siffofin aidin, ɗaya da takarda don sauran sinadarai da jimillar aidin. In famfo ɗaya gare ka, ka zaɓi zaren gilashi, ka wanke shi da kyau, ka kuma san iyakar abin da za ka iya faɗa game da sodiyam da kalsiyam.

Wanke filtar gilashi da tsarkakakken ruwa ake yi sau da dama, a shanya a wuri mai tataccen iska, a gasa a tanderu a zafi wajen digiri 450 na 'yan awoyi don mahaɗan kabon su ƙone. Daga nan a naɗe kowacce a takardar alminiyam, a sa a leda mai zif.

Yanzu ga abin da mutane suka fi raina wa. Gishirin da muke ci a Najeriya an sa masa aidin don yaƙi da maƙoƙo, kimanin miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta, kuma a siffar ayodet ake sa shi don ya fi jure zafi da laima. Ke nan miligiram ɗaya na gishirin, ɗan abin da ke maƙalewa a yatsa bayan cin gyaɗa, yana ɗauke da aidin nanogiram 50. Za ka ga nan gaba cewa wannan ya haura kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ke kan rubu'in filtarka, kuma kai tsaye zai shiga lissafin ayodet. Haka kwalbar aidin ta wanke ciwo da ke akwatin agajin gaggawa: tururinta kaɗai ya isa ya ɓata filtar da ke buɗe a ɗaki ɗaya da ita. Saboda haka safar hannu sabuwa marar hoda, hantsakin roba, kuma a canza filta a cikin akwati mai tsabta, ba a fili kan bene ba.

Kowace tafiya tana buƙatar filtar rakiya. Filta ce da aka wanke tare da sauran, aka ɗora a na'ura kamar za a yi aiki, aka bar ta ba a kunna famfo ba, aka sauke aka adana kamar sauran. Duk abin da aka samu a kanta daga hannu da na'ura da hanya ya zo, kuma shi za a cire daga sakamako. Ɗaya ba ta isa ba. Ka yi aƙalla uku zuwa biyar, a watse cikin kwanakin aikin, domin bambancin da ke tsakaninsu shi zai gaya maka mafi ƙanƙantar adadin da za ka iya yarda da shi.

Idan ka sauke filta, kafin ka naɗe ta ka dube ta da ido ka rubuta launinta. Iskar teku tsantsa ba ta cika barin launi ba, filtar kan fito kusan fara yadda ta shiga. Ƙurar hamada tana barin ja-ja mai ruwan ƙasa, a kan filtar manyan ɓurɓushi kuma za ka ga layi-layi daidai inda tsagogin faranti suke. Toka-toka ko baƙi hayaƙi ne, ko na jirginka ko na ƙunar daji. Ninke ta gida biyu, fuskar da ta kama ɓurɓushin tana ciki, ka mayar cikin alminiyam da leda, ka sa a firiza a digiri 20 ƙasa da sifili. Inda wuta ke ɗaukewa, cika firizar da robobin ƙanƙara ka rage buɗe ta, domin narkewa da sake daskarewa yana ba sinadaran damar yin aiki da juna.

Jiƙawa, inda aka fi yin ɓarna

Yanki rubu'in filtar da almakashi mai tsabta, ka yayyanka shi ƙanana cikin bututun roba, ka zuba tsarkakakken ruwa, mai ƙarfin tsayayya wa lantarki na megaom 18.2, kamar mililita 20. Kada ka sa asid ko kaɗan. A ruwa mai tsami ayodaid da ayodet suna haɗuwa su ba da I₂, wanda zai tashi ya bar maka bututun.

Kusan kowane ɗakin gwaji yana da bahon altrasonik, wato mai jijjigar sauti, kuma hannun ɗalibi can yake fara zuwa domin yana da sauri. A wannan aikin ka guje shi. Jijjigar sauti tana haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa da zafi mai tsanani, su farfasa ruwan kansa su samar da sinadarai masu ƙona wasu, irin su H₂O₂. Waɗannan suna taɓa ayodaid, shi kuma abin da ya zama sai ya kama mahaɗan kabon da ke kusa, har da na takardar filtar. Sai ka wayi gari da SOI ɗin da kai ka ƙera shi a bututu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake duba wasu tsofaffin sakamako da taka-tsantsan, waɗanda suka nuna SOI ya cinye kusan komai. Girgizawa a hankali a kan na'urar jijjiga ta inji, kamar rabin awa, a zafin ɗaki kuma nesa da hasken rana, ita ta fi aminci.

Tace ruwan da matacin sirinji mai ƙofofi maikiromita 0.2 ko 0.45, bayan ka ɗauraye shi. Ka yi awon a ranar in zai yiwu. In ba zai yiwu ba, daskarar da ruwan.

Kada ka yarda da hanyarka sai ka gwada ta. Ɗauki filta mai tsabta, ka ɗiga mata ayodaid da ka san yawansa, wata kuma ayodet, ka bi da su ta duk matakan nan. In ka zuba ayodaid ɗari ka samu tamanin, jimilla kuma ta nuna ɗari cif, to ashirin ɗin nan sun sauya siffa a hannunka, kuma haka suke yi a samfurinka na gaske.

Awo

Na'urar da aka fi dogara da ita ita ce ICP-MS, wadda ke ƙona ruwan a wuta mai tsananin zafi ta ƙirga ƙwayoyin aidin a nauyi 127. Awo biyu za ka yi. Na farko, ka tura ruwan kai tsaye, ka samu jimillar aidin mai narkewa. Na biyu, ka fara bi da shi ta bututun rarrabe ayon, wato ƙwayoyin sinadari masu cajin lantarki, wanda ke riƙe kowane sinadari gwargwadon yadda yake manne masa. Ayodet yana fitowa da wuri, ayodaid yana daɗewa kafin ya fito. A tsakaninsu wani lokaci za ka ga ƙananan tudu a zanen da na'ura ke fitarwa da ba su dace da ko ɗaya ba. Mahaɗan aidin da kabon ne, yawancinsu har yanzu ba a tantance ko mene ne ba. Ka adana hotonsu, kada ka share.

Aidin yana da halin maƙalewa a bututan na'ura ya riƙa fitowa a samfurin da ke biye. Maganinsa wanke na'urar tsakanin samfura da ruwa mai ɗan amoniya ko TMAH, wani sinadari mai kashe tsami. Ka kuma sa wani sinadari na ma'auni a kowane samfur, kamar teluriyam, don ka gane idan ƙarfin na'urar ya sauya a tsakiyar aiki.

Inda babu ICP-MS ba a rasa hanya ba. Da can da na'urar boltametiri ake auna ayodaid, ayodet kuma a mayar da shi I₃⁻ a auna shan haskensa a wajen nanomita 350. Suna cin samfur da lokaci, amma sakamakon farko-farko na Atlantika da su aka samo.

Jimillar aidin gaba ɗaya, har da wanda ba ya narkewa, ana samunta ta hanyar dafa filta a TMAH, ko ƙona ta a kama tururin, ko harba mata niyutiron. Wannan ta ƙarshe tana da daɗi domin ba a narkar da komai: aidin 127 yana zama 128, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin minti 25, yana fitar da hasken gama da ake ganewa da ƙarfinsa na 443 keV. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004 wanda ake irin wannan awo da shi, Ghana ma tana da irinsa kusa da Accra. Matsalar samfurin teku ita ce sodiyam da kulorin suna cika ma'aunin da hayaniya, don haka akan lulluɓe samfurin da kadmiyam a rage su, kuma filtar takarda ake kaiwa, ba ta gilashi ba.

Lissafi

Bari mu ɗauki misali don ka ga girman abin. Famfo ya ja kubik mita ɗaya a minti na awa 24, ya tace kubik mita 1,440. A ce iskar na da pikomol 10 a kubik mita. Duk filtar na ɗauke da nanomol 14.4, wato kusan maikirogiram 1.8. Rubu'inta nanomol 3.6 ne, kimanin nanogiram 460, a cikin mililita 20 kuma ya zama nanomol 180 a lita. Kai a aikinka ta baya za ka faro lissafin: abin da na'ura ta ba ka, ka cire na filtar rakiya, ka ninka da yawan ruwan jiƙawa, ka ninka da huɗu, ka raba da yawan iska.

SOI ba auna shi ake yi ba, ragowa ce: jimillar mai narkewa, a cire ayodaid, a cire ayodet. A nan ake yawan ruɗin kai. A ce jimilla 10.0 ce da kuskuren 0.5, ayodaid 3.0 da kuskuren 0.3, ayodet 6.0 da kuskuren 0.4. SOI ya zama 1.0, amma kuskurensa, in ka haɗa murabba'an ukun ka ɗauki tushe, 0.7 ne. Wannan adadi bai isa a gina magana a kansa ba. Wani lokaci ma ragowar kan fito ƙasa da sifili. Kada ka mayar da ita sifili a ɓoye, rubuta ta yadda ta fito tare da kuskurenta.

Fassara: daga ina iskar ta zo, me ta ɗauko

Adadin aidin shi kaɗai ba ya magana sai an sa shi kusa da abokan tafiyarsa. Auna sodiyam, kalsiyam, potasiyam, salfet, naitiret, amoniyam da okzalet. Sodiyam shi ne shaidar gishirin teku. Don ka san salfet ɗin da ba na teku ba, ninka nauyin sodiyam da 0.252 ka cire daga salfet. Kalsiyam da 0.038 ake ninkawa, potasiyam da 0.037. Rarar salfet da naitiret alamar tsami ce da hayaƙin masana'antu, rarar kalsiyam alamar ƙura, rarar potasiyam a ɓurɓushi mai laushi alamar ƙunar daji. Sa'an nan ka shiga manhajar HYSPLIT ta hukumar NOAA ta Amurka, kyauta ce a intanet, ka bi sawun iskar baya na kwana biyar ko fiye. Ka duba tsayi daban-daban, ba na ƙasa kaɗai ba, domin ƙurar Sahara sau da yawa a sama take tafiya ta riƙa zubowa cikin iskar teku da ke ƙasanta.

A nan ne aikin ya taɓo ƙasarmu. Baker da Yodle sun nuna a 2021 cewa a samfuran Atlantika, ɓurɓushin da ke ɗauke da ƙurar Sahara ya fi kowanne yawan ayodet, mai tsami da ya fito daga wuraren masana'antu kuwa ayodet ɗinsa kaɗan ne. Bayanin da ya fi zama shi ne ƙurar tana da kabonet, wanda ke yi wa asid abin da kanwa ke yi wa tsami. Asid ɗin HIO₃ da ke iska yana samun wurin sauka a kanta ya zauna a matsayin ayodet. A ɓurɓushi mai tsami kuwa ana ganin ayodet yana komawa HOI, shi kuma ko ya tashi ko ya kama kabon ya zama SOI, daga SOI ɗin kuma wataƙila ayodaid ke fitowa. Ashe ayodet ɗin da aka ɗauka zangon ƙarshe ne yana iya dawowa cikin zagayen, in tsami ya same shi.

Hazon hunturu da ke rufe Kano da Damagaram daga Nuwamba zuwa Maris, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga kwarin Bodélé a arewacin Chadi, yana gangarawa har gaɓar tekun Gini ya shiga Atlantika. Sai dai kada ka ɗauka duk ƙura ɗaya ce. Ta arewacin Sahara, wajen Maroko da Aljeriya, ta fi kabonet. Ta Bodélé, wadda busasshen gindin tsohon tafki ne cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa, da ta yankin Sahel, kabonet ɗinsu bai kai haka ba. Ga shi kuma a daidai wannan lokaci ne ake ƙunar daji, hayaƙi ya cakuɗu da ƙurar, in ta iso gaɓa ta haɗu da hayaƙin birane irin su Legas. Wanda ya kafa famfo a gaɓar Najeriya ko Ghana ya ɗauki samfur a hunturu, ya sake ɗauka da damina lokacin da iska ke zuwa daga kudu maso yamma ta kan teku, zai samu iri biyu masu nisa da juna a wuri guda. Yadda siffofin aidin za su bambanta a tsakaninsu tambaya ce ta gaske, kuma a ganina ɗalibanmu sun fi kowa kusa da ita.

Akwai dalilin gaggawa kuma. Ƙanƙarar da aka haƙo a Greenland da tsaunukan Alps ta nuna cewa aidin da ke sauka daga iska ya ninka kusan sau uku tun daga 1950, abin da aka danganta musamman da ƙaruwar ozon na gurɓatar iska da ke taɓa teku. Masu lissafin yanayi suna buƙatar sanin nawa ne daga cikinsa ke zama a ɓurɓushi, nawa ke komawa iska.

Idan ka zo rubuta rahoto, faɗi irin filtar da yadda ka wanke ta, girman da ka raba ɓurɓushi a kai, kwana nawa samfur ya yi a firiza, yadda ka jiƙa da tsawon lokacin, abin da filtocin rakiya suka nuna, da nawa ka dawo da shi a gwajin ɗigawa. Ka sa adadin kowane samfur ɗaya-ɗaya tare da ranarsa da wurinsa da kuskurensa, ba matsakaici kaɗai ba, domin masu tattara sakamakon tekuna da waɗannan bayanai suke tantance wanda za su iya kwatantawa da na wasu.